Daren Laraba a Shagon Ɗinki

Na lulluɓe keken ɗinki da tsohon zane,
na share ƙyallaye, na jawo benci biyu.
Tawa ta fara huce zafinta,
motocin Ƙwanni na wucewa da fitilu a kunne.
Mu biyar ne, Littafi biyu,
ɗaya ma bangonsa ya fita
tun babana na jinya a Galmi.

Nomau ya shigo da warin albasa a hannun riga.
Arzika, wata uku da dawowa daga Abijan,
agogonsa har yau lokacin can yake bi.
Tsahara mai shara a likita ta zauna bakin ƙofa,
ƙafa ɗaya a waje.
Sai Illa, yaron shagona, da ya ƙi tafiya gida.

Arzika ya yi lakwal, shi na miƙa wa.
Ya bi baƙaƙen da yatsa
kamar mai tsintar tsakuwa cikin wake:
labarin manomin da ya fita yafa iri.

Nomau ya tari numfashinsa. "Dakata.
Wane manomi ke zuba iri a kan hanya?
Nan Adar, inda dutse ya fi ƙasa yawa,
tiya guda sai an ci bashi.
Mutumin nan bai san tsada ba."

Na buɗe baki, na rufe.
Shekara ashirin ina bi ta wurin nan
ban taɓa ganin ɓarnar ba.
Na ce, "Gaskiyarka, bai auna ba.
Da ya auna, da bai jefa a kaina ba,
don fako nake ranar da ya same ni."

Kuran ya ɗauke.
Illa ya kunna fitilar salula, ƙwari suka taru a shafi.

"To, nawa ake biya?" in ji Arzika.
"Inda na fito, ko inuwa da kuɗinta."
Na lalubo kayen bashi a ƙarƙashin tebur,
na nuna masa suna guda da aka soke da jan bik.
"Wannan, wansa ya zo ya biya masa.
In ya kawo mini kuɗi gobe, in karɓa?"
Ya ce a'a.
Na ce, "Haka Yesu ya yi, ran wata Juma'a, a kan gicciye.
Namu, mu yarda an soke."

Illa ya ce, "Uba, Ɗa, Ruhu. Uku ke nan ko ɗaya?"
Na fara da duwatsun murhu,
misalin ya yi ɗingishi tun bai kai ƙofa ba.
Na ce, "Ɗaya ne, yaro. Sauran ya fi ƙarfin almakashina."
Aka yi dariya, ban da Tsahara.

Ta yi magana tana duban titi.
"Kun ce ya tashi rana ta uku.
Tawa ƴar, shekara biyu ke nan da kwana tara.
Ita ma?"

Babu karin maganar da ta zo mini.
Na karɓi Littafin, na juya zuwa kabarin da aka tarar a buɗe,
na karanta mata, muryata na tuntuɓe.
Na ce, "Ban gani da idona ba, Tsahara.
A kan wannan na binne babana,
a kansa nake tashi da safe."
Ba ta ce ta yarda ba.
Ta dai jawo ɗaya ƙafar ciki.

Da za a watse, Nomau ya ɗauki marar bangon.
Bai iya karatu ba, ƴarsa ta iya.
Ya juya shi kamar mai duba albasa a kasuwa,
ya ajiye mini a kan keke.
"Tela guda, ka bar shi tsirara?
Ɗinka masa riga, jibi in zo in ɗauka.
Ina son in ji ƙarshen manomin nan."

Ga ni nan, dare ya raba,
ina auna Littafi da ragowar atamfa.